Mannerheim da Rasha: hafsan sarkin Rasha da ya zama jagoran sojan Finlanda (1867–1951)

Masu rubuta tarihin Carl Gustaf Emil Mannerheim sun saba raba rayuwarsa gida biyu: shekaru 30 da ya yi cikin sojan doki na sarkin Rasha (1887–1917), sa'annan shekarun da ya jagoranci sojan Finlanda, ƙasar haihuwarsa, har ya shugabance ta a 1944. Akan ɗauki kashi na farko tamkar shimfiɗa, a gaggauta zuwa yaƙe-yaƙen 1939–1944. A cikin wannan takarda muna son mu nuna cewa wannan rabo yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci: sanin da ya yi wa Rasha daga ciki shi ne ya riƙa nuna masa inda ƙaramar ƙasa za ta tsaya idan ta kama kokawa da babbar maƙwabciya. Za mu kuma duba wuraren da wannan sani bai hana shi wuce gona da iri ba.

An haife shi ran 4 ga Yuni 1867 a Askainen, cikin zuri'ar manya masu magana da harshen Suwidin. Tun 1809 Finlanda tana ƙarƙashin sarkin Rasha, amma da dokokinta da majalisarta. Mahaifinsa ya karye, ya gudu Paris a 1880. Mahaifiyarsa ta rasu shekarar da ta biyo. A 1886 aka kore shi daga makarantar hafsoshi ta Hamina saboda rashin ɗa'a, wannan kora kuwa ita ta tura shi makarantar sojan doki ta Saint-Pétersbourg (birnin da ya zama Petrograd a 1914, ya koma Leningrad a 1924). Ya shiga rundunar dogaran fada, ya auri ɗiyar wani janar ɗan Rasha, yana cikin masu rakiya ranar naɗin sarki Nicolas na biyu a 1896. Yaƙin Rasha da Japan (1904–1905) ya nuna masa yadda daular take shan kashi a fagen fama ba tare da ta rushe ba.

Daga 1906 zuwa 1908 rundunar Rasha ta aike shi leƙen asiri a yammacin Sin, da sunan mai binciken al'adu. Ya fara tafiyar tare da ayarin masanin Faransa Paul Pelliot, suka rabu a Kashgar, ya ci gaba bisa doki har Pekin, tafiyar kilomita wajen 14,000. A Yaƙin Duniya na Farko ya kai muƙamin laftanan-janar. Da juyin juya halin 1917 ya wargaza rundunar da ya girma a cikinta, sai ya koma gida a Disamba, yana da shekara 50, harshen Finlanda ma bai zauna sosai a bakinsa ba.

1918 da 1919

Finlanda ta ayyana ƴancin kanta ran 6 ga Disamba 1917. A ƙarshen Janairu 1918 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Jajaye, wato mayaƙan ma'aikata, da Farare na ɓangaren gwamnati, aka ba Mannerheim jagorancin Fararen. Ya ci Tampere a farkon Afrilu, sojan Jamus kuma suka sauka a Hanko suka karɓe Helsinki. Yaƙin bai kai wata huɗu ba, amma shi da abin da ya biyo bayansa sun ci rai fiye da 35,000, akasarinsu ba a fagen daga ba: an harbe dubban Jajaye bayan kama su, kuma cikin fursunoni kimanin 80,000 wajen 12,000 sun mutu a sansanoni saboda yunwa da cuta. Masu kare shi suna cewa ya ajiye muƙaminsa a ƙarshen Mayu, kafin mace-macen sansanonin su tsananta. Haka ne, amma harbe-harben bazara sun faru ne yana babban kwamanda, kuma ma'aikatan ƙasar sun yi shekaru suna kiransa mahauci.

Dalilin murabus ɗinsa shi ne yadda gwamnati ta miƙa wuya ga Jamus, alhali shi yana ganin Jamus za ta faɗi. Da ta faɗi, sai aka kira shi riƙon ƙasa a Disamba 1918. A nan ne muke ganin tsohon hafsan sarki ya rinjayi ɗan Finlanda: ya so ya kai wa Petrograd farmaki ya taimaki Fararen Rasha su kifar da Bolshebik, duk da cewa jagororinsu sun ƙi amincewa sarai da ƴancin Finlanda. Ƴan siyasa suka hana. Ya sa hannu kan tsarin mulkin jamhuriya ran 17 ga Yuli 1919, ya tsaya takara a majalisa, Ståhlberg ya kada shi da ƙuri'a 143 bisa 50. Ya karɓi sakamakon ya janye. Wannan abu muna ganin ya cancanci a tsaya a kansa: janar ne da soja ke bayansa, mai son sarauta ba jamhuriya ba, amma bai nemi mulki da bindiga ba, ko a lokacin ko a 1932 da masu tsattsauran ra'ayi na ƙungiyar Lapua suka yi tawaye a Mäntsälä, ko da yake ya nuna wa ƙungiyar tausayi a farkonta.

1939 zuwa 1944

A kakar 1939 Stalin ya nemi a matsar da iyaka, wadda ke kilomita 32 kawai daga Leningrad, a kuma ba shi wasu tsibirai da wurin kafa sansani. Ministoci farar hula ne suka ƙi. Mannerheim, wanda yake shugaban majalisar tsaro tun 1931, shi ya ba da shawarar a sassauta. Ya san mutum miliyon 3.7 ba za su iya da miliyon 170 ba, ya kuma san abin da ke cikin rumbunan makamansa. Ran 30 ga Nuwamba Tarayyar Sobiyet ta kawo hari, ya karɓi jagoranci yana da shekara 72. Nasarori irin na Suomussalmi, inda sojojinsa suka datse rundunonin Sobiyet cikin daji da dusar ƙanƙara, sun sa duniya ta zaci abin al'ajabi zai ɗore. Shi bai zata ba. A Fabrairu 1940 layin tsaron Kareliya ya fashe, Faransa da Ingila suna alkawarin aiko da runduna, amma ya matsa a yi sulhu tun sojansa yana tsaye da ƙafarsa. Yaƙin ya ƙare ran 13 ga Maris, bayan kwana 105: Finlanda ta rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasarta har da birnin Viipuri, mutum fiye da 400,000 suka yi ƙaura. A Paris, gwamnatin Daladier ta faɗi mako guda bayan haka, kuma batun Finlanda yana cikin abin da aka tuhume ta da shi.

Yaƙi na biyu, wanda ya fara a Yuni 1941 kafaɗa da kafaɗa da Jamus ta Hitler, ya fi wuyar karewa. Sojan Finlanda bai tsaya ga kwato abin da aka ƙwace ba. Ya ƙetare tsohuwar iyaka ya mamaye Kareliya ta Gabas, ya kama Petrozavodsk a Oktoba, aka tsare dubban farar hula ƴan Rasha a sansanoni. Cikin fursunonin yaƙi na Sobiyet kimanin 64,000, kusan kashi ɗaya cikin uku sun mutu. Mannerheim ya ƙi buƙatar Jamus ta kai wa Leningrad hari kai tsaye, ya kuma dakatar da yunƙurin yanke layin dogon da ke kawo kayan Amurka da Ingila daga Murmansk. Masana tarihin Rasha suna da gaskiya idan suka ce sojansa ne suka rufe gefen arewa na ƙawanyar da ta kashe ɗaruruwan dubbai da yunwa. Mu dai ba ma ganin tausayi a cikin wannan tsayawa tasa; lissafi ne na mutumin da ya san Rasha za ta ci gaba da zama maƙwabciya ko Hitler ya ci ko ya faɗi, kuma akwai laifin da ba za ta taɓa yafewa ba. Ko ziyarar da Hitler ya kai masa ran 4 ga Yuni 1942, ranar cikarsa shekara 75, ranar da aka ba shi laƙabin Marashal na Finlanda, ba ta sa ya canza ba.

A Yuni 1944 Sobiyet ta kawo babban farmaki, Viipuri ta faɗi ran 20. Don samun makaman Jamus, shugaba Ryti ya yi wa Hitler alkawari da sunansa shi kaɗai cewa ba zai yi sulhu a ware ba. Da aka tsayar da farmakin a Tali-Ihantala, Ryti ya sauka, majalisa ta naɗa Mannerheim ran 4 ga Agusta, shi kuma ya ce alkawarin bai ɗaure shi ba. Yarjejeniyar Mosko ta 19 ga Satumba ta mayar da iyakar 1940, ta ƙara da Petsamo, da hayar Porkkala, da diyyar dala miliyon 300, da sharaɗin korar sojan Jamus, abin da ya jawo yaƙin Laplanda. Amma sojan Sobiyet bai mamaye ƙasar ba, majalisarta kuma ta ci gaba da zama.

An yanke wa Ryti ɗaurin shekara 10 a 1946. Mosko ba ta nemi a gurfanar da Mannerheim ba. Ya sauka a Maris na wannan shekara saboda rashin lafiya, Paasikivi ya gaje shi, ya rasu a Lausanne a Janairu 1951. A 2004 masu kallon talabijin na Finlanda suka zaɓe shi mafi girma cikin ƴan ƙasar. A Saint-Pétersbourg kuwa, allon tunawa da aka kafa masa a Yuni 2016 a matsayin janar na sojan Rasha ya sha jan fenti da sara, har aka cire shi a Oktoba.