Jitar lantarki a hannun Abzinawan Nijar: tarihin zaɓin sauti

Gabatarwa

Ƴan jarida na Turai sun saba kiran kiɗan jitar Abzinawa da sunan "bulus na hamada", kamar dai reshe ne na kiɗan baƙaƙen Amurka. Wannan maƙala na son nuna cewa kayan kiɗan ne kaɗai baƙo. Salon bugu da irin sautin da makaɗa suke so, daga gida suka samo asali, kuma sun sauya ne bisa ga wurin da ake sauraren su.

1. Samfuri biyu

A Amurka aka tsara jitocin da suka mamaye kasuwa. Kamfanin Gibson ya fito da Les Paul a 1952, Fender kuma ya fito da Stratocaster a 1954. Bambancinsu yana ga maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda ke maida girgizarsu ta zama lantarki. Stratocaster na da uku masu naɗi guda, sautinta siriri ne, garau. Tun 1957 Les Paul ta samu masu naɗi biyu, waɗanda ke kashe gunjin lantarki su ba da sauti mai kauri.

2. Zamanin kaset

Fari na 1973 da na 1984 sun kori samarin Abzinawa zuwa Aljeriya da Libiya neman aiki. Can aka laƙaba musu suna "ishumar", daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. A cikinsu ne ƙungiyar Tinariwen ta ƴan Mali ta taso, haka ma Abdallah ag Oumbadougou na yankin Agadas, wanda ya rasu a 2020. Bayan kashe-kashen Cintabaradan na watan Mayu 1990 da tawayen da ya biyo baya, waƙoƙinsu sun yi ta yawo a ɓoye ta hanyar kaset. A lokacin, saƙon waƙa shi ne gaba, jita kuwa rakiya take yi. Makaɗi na riƙe amo guda a babbar tsirkiya da babban yatsa, sauran yatsu na bin karin waƙa, kamar yadda ake yi da tahardant, ƴar'uwar molo. Tafi ke tsayawa a madadin gangar tande.

3. Daga ɗaka zuwa fili

Yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 ta fiddo jita fili. Ta zama kiɗan biki a Agadas, inda dole sauti ya kai ƙarshen taro. Nan aka shiga amfani da injin wuta da na'urar ƙara sauti da gangunan bature, kiɗa ya ƙara sauri. Salon da aka gada yana buƙatar a ji amon ƙasa da karin sama daban-daban, shi ya sa sautin garau na irin Stratocaster ya fi dacewa da shi.

Bombino, wanda faifansa Agadez ya fito a 2011, ya riƙe wannan tsabtar sauti. Mdou Moctar na jihar Tawa, bahago ne da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar burkin keke. Ya ɗauki Anar a Sakkwato a 2008 da salon muryar finafinan Hausa, daga baya ya karkata ga sauti mai ƙara da kaushi, kamar a Afrique Victime na 2021.

Kammalawa

Wanda ya fara tarihin nan daga Amurka zai san jitar, amma ba zai gane hannun da ke buga ta ba. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne tattara kaset-kaset na shekarun tawaye da ke hannun iyalai kafin su lalace, domin a cikinsu ne ake jin matakin farko na wannan salo.