Sunayen Ɗakin Jinya a Turanci, daga Gidan Zuhudu zuwa Jirgin Yaƙi

Turanci yana da sunaye da dama ga ɗakin da ake kwantar da marasa lafiya, kuma yawanci inda ɗakin yake shi ke raɗa masa suna. Na jirgin ruwa “sick bay” ne, na kurkuku “infirmary”, na makarantar kwana a Ingila kuwa “san”. Kaɗan ne daga cikin kalmomin nan suka faro da zancen magani. Akasarinsu sun samo asali ne daga irin mutanen da ake ajiyewa, ko daga lungun da aka ware musu.

Ita kanta “hospital” tushenta kalmar Latin ce, “hospes”, wato baƙo ko mai masaukinsa, kuma uwarsu ɗaya da “hotel” da “hostel”. A da, duk gidan da ke karɓar matafiyi ko maraya ko gajiyayye yana iya ɗaukar wannan suna. Christ's Hospital da aka kafa a Landan a 1552 makaranta ce ta ’ya’yan talakawa, kuma har gobe makaranta ce. Na Chelsea, a 1682, gidan tsofaffin sojoji ne, na Greenwich kuma, a 1694, na tsofaffin sojojin ruwa.

Kalmar da ta tsaya kan rashin lafiya tun farko ita ce “infirmary”, daga “infirmus”, mai rauni. Gidajen zuhudu na Kirista ne suka raine ta, domin dokar Benedict ta ƙarni na 6 ta umarci a ware wa ’yan’uwa marasa lafiya ɗaki da mai hidimarsu. Da aka shiga gina asibitocin gudummawa a ƙarni na 18, garuruwa da yawa sai suka ɗauki wannan suna: Edinburgh a 1729, Manchester a 1752, Radcliffe ta Oxford a 1770. Bayan dokar talakawa ta 1834 kalmar ta shafi ƙura, don kuwa ɗakin jinyar gidan gajiyayyu ma haka ake kiransa, kuma talaka yana gudun a ce can ya ƙare.

A teku ne kalmomin suka fi yin rassa. Kafin ƙarshen ƙarni na 18, jiragen yaƙin Birtaniya ba su da tsayayyen ɗakin jinya. Akan kewaye wani lungu da tamfol, a rataye ragar kwanciyar majinyaci, sau da yawa a can ƙasa inda iska ba ta ratsawa, alhali zazzaɓi da atuni da ciwon rashin ɗanyen abinci sun fi igwar abokan gaba cin rayuka. Admiral John Jervis, wanda aka fi sani da Lord St Vincent, ya jagoranci rundunar Bahar Rum daga 1795, kuma shi ya tsaya aka mayar da majinyata hawan sama, wajen goshin jirgi, kusa da ɗumin madafa, ga iska ga makewayi. Wannan wuri aka kira “sick berth”, wato makwancin marasa lafiya. Daga baya “sick bay” ta danne shi a bakin mutane, kasancewar “bay” suna ne na wannan sashe na gaban jirgi. Yau ofisoshi da makarantun da ba su taɓa ganin teku ba suna da nasu “sick bay”.

Sai dai wannan ɗaki na zaman lafiya ne. Da an buga gangar yaƙi akan kwashe shi, likita ya sauka hawan can ƙasa, wanda ke ƙarƙashin fuskar ruwa inda harsashin igwa bai cika kaiwa ba. Sunan wurin “cockpit”, kalmar da tun ƙarni na 16 take nufin ramin da ake haɗa zakaru faɗa. Wanda ya fara aro sunan ya san abin da yake nufi: wuri ne matsattse, mai duhu, kuma ranar yaƙi jini ke malala a cikinsa. Can ƙananan hafsoshi masu koyon aiki suke kwana, teburinsu da akwatunansu kuma su ne gadon fiɗa. Da hasken fitila ake yanke hannu da ƙafa, majinyaci yana ji yana gani, tunda sai a 1846 aka nuna amfanin maganin sa barci a Boston. A irin wannan ɗaki na jirgin Victory Admiral Nelson ya cika ranar 21 ga Oktoba, 1805, a yaƙin Trafalgar, yana hannun likita William Beatty. Kalmar ta bar likitoci daga baya, ta koma mazaunin matuƙin jirgin sama, kuma da wuya fasinjan yau ya kawo zakara a ransa.

Yaron likita ma yana da nasa laƙabin, “loblolly boy”, daga sunan wani kunu mai kauri da yake raba wa majinyata. A 1833 rundunar ruwan Birtaniya ta ba aikin suna na hukuma, mai kula da makwancin marasa lafiya, Amurka kuma ta kafa rundunar ma’aikatan jinyarta ta ruwa a 1898.

“Lazaretto” daga Italiya ta shigo. A 1423 birnin Benis ya ware tsibirin Santa Maria di Nazareth don killace masu annoba, sunan tsibirin ya cakuɗe da na Li’azaru, miskinin nan mai gyambuna na Linjila. A ƙananan jiragen yanzu “lazarette” rumbun ajiyar kaya ne kawai a bayan jirgi. “Sanatorium” kuwa ’yar ƙarni na 19 ce, daga kalmar Latin ta warkarwa, ta yi suna ne da gidajen masu tarin fuka da ake kai wa tsaunuka shan iska, irin wurin da Edward Trudeau ya buɗe a Saranac Lake a 1885. Magungunan da aka samu daga shekarun 1940 sun rufe waɗannan gidaje, ’yan makarantar kwana suka riƙe guntun sunan, “san”.

“Dispensary” ba ta da gado, wurin ba da magani ce a sallami mutum, kamar wadda John Lettsom ya kafa wa talakawan Landan a 1770. Ita ce ta biyo mulkin mallaka har ƙasar Hausa, inda En’e ta gina ɗakunan shan magani a gundumomi, aka ce da ɗakin disfensare, mai aikin kuma disfensa. Ta wannan hanya “hospital” ta zama asibiti, “doctor” ya zama likita, “nurse” ta zama nas. “Infirmary” da “lazaretto” ba su samu shiga Hausa ba, ɗakin jinyar makarantar kwana kuwa ɗaliban Nijeriya da sunansa na jirgin ruwa suka san shi.