Zangon Damagaram: tasha tun kafin zuwan mota

Yau za mu leƙa Zango, unguwar da da yawa cikinmu muke ratsawa a kan kabu-kabu ba tare da mun tsaya a kan ma'anar sunan ba. Zango dai shi ne inda ayari yake yada kaya ya huta.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Birni yana cikin ganuwa, nan fada take. Baƙi kuwa a waje suke sauka. Buzaye da raƙumansu, Larabawan Tarabulus da na Gadamas, fataken Kano, duk a Zango suke kwance kaya. Daga arewa gishirin Bilma da tufafi da bindigogi suke shigowa. Daga nan kuma fatu da gashin jimina suke fita, har da bayi, don wannan ma yana cikin tarihinmu. Mai masauki, dillali, mai tuwo, mai ɗiban ruwa, kowa da abincinsa a jikin baƙo.

Faransawa sun ci garin a 1899. A 1911 Damagaram ta zama babban birnin ƙasa, amma a shekarar nan ce jirgin ƙasa ya iso Kano. Kaya suka koma bin hanyar teku ta Ikko, ayarin Tarabulus ya yi ta raguwa har ya ɗauke. A 1926 aka mai da babban birni Yamai. Abin da ya riƙe garin bayan nan shi ne gyaɗa, da kamiyo masu kai ta Kano.

Yau gudro ya maye gurbin sawun raƙumi. Hanyar Yamai zuwa Diffa ta ratsa garin, ta Tanut da Agadas ta yi arewa, ta Matamaye da Magarya sun nufi Najeriya. Ku je Kasuwar Dole ranar Alhamis, ku ga kar-kar da adaidaita da amalanke suna neman wurin juyawa.

Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma 2023, kowa ya ji a jikinsa, daga direba da ɗan kamasho har mai shayin bakin tasha. Abin da ya sami masu masaukin Zango ran da ayari ya daina zuwa ke nan.

Dattawan Zango, wane gida ne masaukin fatake a layinku? Ku faɗa mana, mu kawo shi a shiri na gaba.