Aljani da Tarihi a Littattafan Soyayya: Ra'ayin Makaranta a Ƙasar Gaya

A shekarar 1991 wata Ba'amurkiya, Diana Gabaldon, ta fitar da littafinta Outlander, labarin wata ma'aikaciyar jinya da ta taɓa wani dutsen tsafi a ƙasar Sikotilan, sai ta tsinci kanta a shekarar 1743, har ta yi aure a can. Makarantansa sun daɗe suna jayayya, wasu na cewa tarihi ne, wasu na cewa tatsuniya ce aka yi wa rawani.

To mu nan wannan gardama ba baƙuwarmu ba ce. Tun a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, inda ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, sannan ya ɗauki jaruminsa ya jefa cikin aljanu. Haka kuma a So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda NNPC ta buga a 1980, aljana ce ta shiga tsakanin masoya. Daga nan sai ambaliyar littattafan soyayya ta taso daga Kano, ta iso mana Gaya da Ajingi ta hannun masu shagunan haya. Malaman jami'a suka yi ta kai ruwa rana a jaridu: Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. A 2007 har ƙona su aka yi a bainar jama'a a Kano.

Sai dai ba a cika tambayar masu karatun kansu ba. Mu malaman sakandare kuwa mun san su, don mun sha ƙwace littattafan nan a ƙarƙashin benci (mukan kuma karanta a ofis kafin mu mayar). Abin da muka lura shi ne, ɗalibanmu ba sa musun aljani ko kaɗan. Wanda ya tashi yana jin labarin iskokin tsamiya da na bakin rijiya ba zai yi mamaki don aljana ta so ɗan sarki ba. Abin da ba sa yafewa shi ne ƙarya a kan al'ada: a ce a zamanin Haɓe an kai lefe cikin akwati, ko budurwa ta aika wa saurayi wasiƙa. Nan take za ka ji aji ya kaure.

Abin takaicin shi ne, wasu marubutan kan kai labaransu wasu birane na ƙasashen Larabawa da ba su taɓa wanzuwa ba, alhali ga Gaya. Tarihin baka ya nuna daga nan ne Abagayawa suka tashi, wani maƙeri mai suna Kano ya je Dutsen Dala neman tama, garin ya ci sunansa. Ga maƙera, ga tsafin Dala, ga tafiya cikin daji. Yara da yawa a ajinmu sun haddace sunayen sarakunan aljanu na littafi, amma ba su taɓa jin sunan maƙerin nan ba sai a bakinmu.