Maɗaurin tsayar da jini da gyaran kurakuran jinya a fagen fama

Galibin sojojin da ke rasa rai a yaƙi ba sa kaiwa asibiti. Binciken da Kanar Brian Eastridge ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2012, ya bi diddigin mutuwar sojojin Amurka 4,596 a Iraƙi da Afganistan tsakanin 2001 da 2011. Kashi 87 cikin 100 sun cika ne kafin a kai su hannun likitocin tiyata. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan, raunukansu ba su fi ƙarfin magani ba, kuma tara cikin goma daga cikinsu zubar jini ce ta kashe su.

Tushen kuskuren yana cikin koyarwa. An daɗe ana gargaɗin ma'aikatan jinya na soja da su guji maɗaurin da ake ɗaure hannu ko ƙafa da shi don tsayar da jini, wai yana jawo yanke gaɓa. Bayan gumurzun Mogadishu na 1993, inda sojojin Amurka 18 suka mutu, likitan sojan ruwa Frank Butler da abokan aikinsa suka fitar da sabbin ƙa'idoji a 1996. Muddin ana ruwan harsasai, maɗaurin ne aikin farko. Sai an tsayar da jini sannan a duba numfashi, saɓanin yadda aka saba a asibitocin farar hula.

Runduna ta 75 ta zaratan sojojin Amurka ta koya wa kowane sojanta wannan aiki, ta ɗora alhakinsa a wuyan kwamandoji, tana kuma rubuta bayanin kowane rauni don a gano inda aka yi sake. Cikin mutum 419 da suka jikkata daga 2001 zuwa 2010, babu wanda ya mutu kafin asibiti sakamakon raunin da za a iya magancewa a fili.

Sai dai ƙa'idar ta dogara ne da saurin kwashe majinyata, wanda a 2009 aka ƙayyade shi da awa ɗaya a Afganistan. A Yukren, jirage marasa matuƙa kan hana kwashewar na tsawon sa'o'i, sai maganin ya zama cuta: ana ɗaure raunin da bai kai a ɗaure ba, a kuma bar maɗaurin har gaɓar ta mutu. Shi ya sa ake nanata a rubuta lokacin da aka ɗaura, a sake dubawa kafin awa biyu, in hali ya yi a maye gurbinsa da bandeji mai matse raunin.