Yadda Ɗalibin Kemistiri Ya Fara Gwaji da Hannunsa

Al'adar sa sabon ɗalibin kemistiri ya yi gwaji da hannunsa ta kafu ne a Jamus a ƙarni na 19. Kafin lokacin, a yawancin jami'o'in Turai malami ne ke haɗa sinadarai a gaban aji, ɗalibai na zaune sun zuba ido. Mai son koyon aikin hannu sai ya je ya yi almajiranci wurin masu haɗa magunguna.

Justus Liebig ba shi ne farkon wanda ya buɗe wa ɗalibai ɗakin gwaji ba, amma tsarinsa ne ya bazu. Ya yi aiki a Faris ƙarƙashin masanin kemistiri Gay-Lussac, sannan a 1824, yana ɗan shekara 21, aka ba shi koyarwa a jami'ar Giessen. Wani tsohon ɗakin masu gadi na barikin soja ya mayar ɗakin gwaji. A can sabon shiga ke farawa da abu mai sauƙi: a miƙa masa kwalba ba a gaya masa abin da ke ciki ba, ya ɗiga wannan, ya ɗumama wancan, ya lura da launi da abin da ya kwanta a ƙasa, har ya gano. In ya dace, a ba shi wadda ta fi wuya. Sai hannunsa ya faɗa ake barinsa ya taɓa bincike na gaske.

A 1831 Liebig ya ƙera wani ɗan bututun gilashi mai ƙululu biyar, wanda ake zuba wa ruwan fotash don ya shanye iskar kabon da ke fita in an ƙona abu. A auna nauyinsa kafin ƙonawa, a sake aunawa bayanta, bambancin ya nuna yawan kabon. Aikin da a da sai gwanaye, ya zama ɗalibi ma na iya yi ya samu amsa daidai. Wannan ya rage wa fannin kwarjini ƙwarai.

Almajiransa suka yaɗa tsarin. August Hofmann ya kai shi Landan a 1845, kuma ɗalibinsa William Perkin, yana ɗan shekara 18, ya gano rini mai launin shunayya a 1856 garin neman haɗa kwinin a gida. August Kekulé kuwa zanen gini ya je koyo Giessen, darussan Liebig suka karkato da shi zuwa kemistiri.

Sai dai tsarin an gina shi ne don mutane kaɗan. Da jami'o'i suka cika a ƙarni na 20, aji guda ya koma na ɗaruruwa, gwajin shekarar farko ya zama bin umarnin takarda layi-layi, amsar ma an santa tun kafin a kunna wuta.

Daga baya masana halayyar ɗan Adam sun bayyana muhimmancin mutum ya yi abu da kansa. A 1977 Albert Bandura na jami'ar Stanford ya bayyana cewa yardar mutum da iyawarsa ce ke sa ya tunkari aiki mai wuya ya kuma jure in ya ci tura. Ya kawo tushenta huɗu: nasarar da mutum ya samu da kansa, ganin tsaransa sun yi, ƙarfafa guiwa daga wasu, da yanayin jiki kamar fargaba. Na farkon ya fi sauran ƙarfi. Masu nazarin koyar da kemistiri sun ɗauki wannan ma'auni, suna tambayar sababbin ɗalibai yadda suke ganin iyawarsu a farkon zango, su kwatanta da sakamakonsu a ƙarshensa.