Agogon zafin giya a tsofaffin katafila

Motocin haƙa na farko ba su da agogon zafin giya, kuma ba su buƙace shi ba. Lokacin da Joseph Cyril Bamford, mai kamfanin JCB a Ingila, ya ɗora hannun haƙa a bayan tarakta Fordson a 1953, giyar da ke ƙarƙashin direba ta tarakta ce zalla: kuloci na ƙafa da haƙoran ƙarfe masu wanka cikin mai. Irin wannan giya tana ɗumi, amma da wuya ta ƙone. A 1957 kamfanin Case na Amurka ya fito da samfurin 320, wadda aka ƙera ta gaba ɗaya a masana'anta, cebur a gaba, hannun haƙa a baya. Daga nan aikin ya canja. Motar da ke kwasar ƙasa tana yin gaba da baya sau ɗaruruwa a wuni, ƙafar direba ba za ta jure ba, kulocin ma haka. Sai masu ƙira suka koma ga kwanbata, wato tukunyar nan da ke tsakanin inji da giya, wadda mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji a cikinta ya miƙa wa ƙafafu.

Kwanbata ce ta haifi agogon. Duk lokacin da direba ya cusa cebur cikin tsibin ƙasa, inji yana ruri, tayoyi sun tsaya cik, ƙarfin nan bai ɓace ba, zafi ya koma a cikin man. Man da ke aikinsa lafiya tsakanin digiri 80 zuwa 100 yana iya haura 120 cikin 'yan mintuna, daga nan robobin sil su fara bushewa, farantan kuloci na ciki su fara ƙonewa. Direba ba ya jin komai sai giya ta fara zamewa, lokacin kuwa ɓarna ta riga ta auku. Dole aka sa masa wani abu da zai duba.

Agogunan da muka tarar a tsofaffin motocin yadin Ma'aikatar Ayyuka, waɗanda suka shigo zamanin kuɗin fetur na shekarun 1970, da yawansu ba sa shan wuta ko kaɗan. Wata 'yar kwalba ta ƙarfe ce ke nutse cikin man giya, an cika ta da ruwa mai saurin tururi, sai siririn bututun jan ƙarfe ya taso daga nan har bayan dashbod. Zafi ya tashi, tururi ya matsa, wani lanƙwasasshen bututu a cikin agogon ya ɗan miƙe ya ja allura. Dabarar ta wani Bafaranshe ce, Eugène Bourdon, tun 1849. Ina girmama wannan agogo. Ko an kashe makulli yana faɗin gaskiya, ba ruwansa da batir ko tsatsar waya. Cutarsa ɗaya ce: bututun ya goge da ƙarfe ya huje, ko wani yaro ya lanƙwasa shi wajen cire inji. Da zarar ruwan ya tsere, allura ta kwanta ke nan har abada. Ba a yanka bututun, ba a ƙara masa tsawo, ba a yi masa walda. Magabatanmu a sana'ar ba su da wani bincike a kansa, sai dai su tsoma kwalbar cikin tafasasshen ruwa. In allura ba ta kai 100 ba, a sayo wani.

Zamanin JCB 3CX, wadda ta fito a 1980, da Caterpillar 416 ta 1985, da jerin Case 580, lantarki ya riga ya karɓe dashbod. Nan ne aikin ya bar hannun bakanike ya dawo hannunmu masu wayarin. Wasu samfuran ma fitila ce kawai da ƙararrawa, babu allura. A masu allurar, abin da ke cikin mai wani ɗan sansa ne wanda turjiyarsa ga wuta ke raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa. Waya ɗaya ce ke fita daga kansa, negetif ɗinsa kuwa ta zaren da aka ɗaura shi yake samu, daga jikin giya. A bayan agogon akwai ƙafafu uku: I ta wutar makulli, S ta sansa, G ta negetif.

Wanda ya riƙe wannan tsari a ka, ya riƙe binciken gaba ɗaya. Ka kunna makulli ka zare wayar daga kan sansa, allura ta faɗi can ƙasa wajen sanyi. Ka taɓa wayar da jikin inji na ɗan ƙiftawar ido, ta tashi ta buga ƙarshen ja. In ta yi duka biyun, agogo da waya lafiyarsu lau, laifin yana wajen sansa. In ba ta motsa ba, ka koma bayan dashbod ka maimaita gwajin a ƙafar S. In ta amsa a can, wayar ta tsinke a hanya, in ta ƙi, ka duba ko wuta volt 12 na zuwa ƙafar I kafin ka yanke wa agogon hukunci. Allurar da ke maƙale a ja tun inji yana sanyi, kusan kullum waya ce ta goge ta taɓa ƙarfe. Wadda ke tsalle idan an kunna fitilun gaba, negetif ɗin dashbod ne ya yi tsatsa. Ba a barin wayar a jikin inji ta daɗe, domin siraran wayoyin cikin agogon suna iya ƙonewa.

Duk wannan mai sauƙi ne a motar da ba a taɓa ba. Amma bayan 1986, da tsarin tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, sabbin motoci da sabbin kayan gyara suka fi ƙarfin 'yan kwangila. Aka koma ga na gwanjo, 'yan Beljiyam da na Kwatano, aka koma tonon kaya a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Daga lokacin ne muka fara gamuwa da cutar da littafin kamfani bai san ta ba, wato agogo da sansa da ba 'yan gida ɗaya ba. Kowane maƙeri, VDO na Jamus ko Stewart-Warner na Amurka, da nasa ma'aunin turjiya. A gidan VDO kaɗai akwai mai auna 40 zuwa 120 na ruwan inji, akwai mai 50 zuwa 150 na mai, kuma a ido kamar tagwaye suke. Ka ɗaura na ruwa a giya, allura za ta motsa, maigida ya biya ka yana murna, alhali ƙarya take yi masa da digiri masu yawa. Wani ma suwic ɗin fitila ake sayar masa a matsayin sansa, allura ta wuni a kwance sannan ta yi tsalle zuwa ja gaba ɗaya. Ga zare: na Amurka mai 1/8 da na Turai mai M10 suna shiga ramin juna zagaye biyu ko uku kafin su cije, sai a naɗa farin tef na 'yan famfo don hana yoyo, tef ɗin kuma ya raba sansa da negetif ɗinsa. Allura ta zauna a sanyi, giya tana dahuwa. Haka nan motocin da suka fito daga Amurka, lambobinsu na Faranhait ne. Direba ya ga 200 ya kashe inji a firgice, alhali bai kai tafasar ruwa ba, wadda take 212 a wannan ma'auni.

Abin da ya fi ci min rai shi ne maganin da wasu suka samo: a zare wayar, a huta da ganin ja. Sau da yawa agogon da ake zargi gaskiya yake faɗa. Ƙurar hunturu ta toshe haƙarƙarin abin sanyaya mai da ke gaban lagireto, ko fambel ya saki, ko mai ya yi ƙasa, ko rariyar cikin giya ta cushe, ko direba yana tura ƙasa da giya ta uku a zafin Afrilu. Man da ya yi duhu yana warin ƙuna ya riga ya ba da shaida kafin a taɓa waya ko ɗaya. Shi ya sa nake cewa yaran shago su fara shinshina sandar auna mai. Yanzu kuma akwai bindigar auna zafi, wadda ake haska bututun da ke fitowa daga kwanbata da ita a kwatanta da abin da allura ta nuna. Sai dai a sayi ta gareji. Irin wadda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi lokacin korona a 2020 zafin jikin ɗan Adam aka saita ta ta auna.

Sabbin motoci sun sake ɗauke aikin zuwa wani wuri. Sansa yana magana da kwamfutar mota, ita kuma ta aika saƙo zuwa allo ta layin da ake kira J1939, kuma taɓa waya da jikin inji a nan ganganci ne mai tsada. Sai da kwamfutar hannu da manhajar kamfani, waɗanda ƙananan gareji kaɗan ne ke da su. Amma da yawa daga cikin motocin da ke haƙa magudanan ruwa da harsashin gini a garuruwanmu har yau 'yan shekarun 1980 da 1990 ne, wayoyinsu sun sha ɗinki har launinsu ya ɓace. In irin wannan ta zo, agogonta na asali ya mutu kuma ba a samun sansan da ya dace, nakan ba mai ita shawara ya sayi agogo da sansa sababbi a kwali ɗaya, ko ya koma ga mai bututun jan ƙarfe, wanda har yanzu ana ƙera shi. A dasa shi a hanyar da mai ke fita daga kwanbata zuwa abin sanyaya shi, inda ya fi zafi, a nisanta bututun da salansa, sannan a ɗiga jan fenti a kan gilashin daidai 120 saboda direban da bai saba da lambobi ba.